Wane littafi za a saya wa yaron Zango?

Da zarar hutun makaranta ya gabato, sai jerin sababbin littattafan yara su fara yawo a waya: ga na 'yan shekara 5, ga na 'yan 12. Yawanci daga Ingila da Amurka suke, kaɗan daga masu ɗab'i na nan Accra, kuma akwai masu kyau a ciki. Sai dai uwar da ke unguwannin Zango na Accra, irin su Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, in ta bi jerin daga sama har ƙasa, da wuya ta ci karo da littafi ɗaya da aka rubuta da harshen da take lallashin ɗanta da shi.

Abin yana da asali. Hukumar harsunan Ghana tana wallafa littattafai cikin harsuna 11, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, amma babu Hausa a cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita. Kenan an yarda a yi mana magana da Hausa, ba a yarda a koya wa 'ya'yanmu karatu da ita ba. Yaron Zango yana Hausa a gida, ya tsinci Twi ko Ga a layi, ya yi Larabci a makarantar allo, sannan a ajiye masa littafin Turanci a ce ya karanta ya fahimta. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji 2 na firamare a faɗin ƙasar a 2015 ya nuna cewa wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai ke karatu tiryan-tiryan tare da fahimta. In haka lamarin yake ga yaran ƙasa gaba ɗaya, ina ga wanda harshensa ko ƙofar aji bai shiga ba?

Don haka shawarata ta farko ita ce a nemo wa yaro labari da Hausa, ko da wahala. Ga ƙanana, shafin African Storybook na intanet yana da gajerun labarai masu hotuna da Hausa, kyauta. A je shagon da ake buga takardu a fitar da guda biyu ko uku, a ɗinke da zare. Takarda a hannu ta fi waya, domin wayar ba ta barin yaro ya kai ƙarshen shafi ba tare da wani saƙo ya shigo ba.

Ga 'yan shekara 9 zuwa 12 kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937, ba sabo ba ne, amma ga yaron Nima da bai taɓa ganin Hausa a rubuce ba sabo ne fil. Labaransa gajeru ne, aku ke ba da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya isa hirar dare guda bayan isha'i. Masu fatauci tsakanin Kano da Accra ba su yanke ba. Wanda zai iya aikawa a kawo masa shadda da turare zai iya aikawa a kawo masa littafi.

Na san abin da iyaye maza za su ce: Hausa ba ta fitowa a jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare. Shi ya sa uba zai shiga shagon littattafai ya fito da kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawa kaɗai, ya ga ya sauke nauyi. Amma wannan kundin ba ya koyar da karatu, wanda ya riga ya iya yake yi wa amfani. Yaron da ya gano cewa baƙaƙen nan suna haɗuwa su ba da labarin da zai sa shi dariya, shi ne zai zauna da littafin Turanci ba tare da bulala ba. Haruffan ma ɗaya ne, in ka cire ɓ da ɗ da ƙ da 'y.

Ban ce a bar Turanci ba. A nan ma a fara da na gida. Meshack Asare, ɗan Ghana da ya ci kyautar NSK Neustadt ta adabin yara a 2015, yana da Sosu's Call, labarin yaron da ba ya iya tafiya, wanda ya buga ganga ya ceci ƙauyensu daga ambaliya. Duk yaron da ya taɓa ganin babban kwatamin Nima ya cika da damina zai gane tsoron da ke cikin labarin. Wanda ba shi da kuɗin saye kuma, akwai ɗakin karatun yara a Nima, ɗaya daga cikin waɗanda aikin Kathy Knowles, 'yar Kanada, ya samar. Kafin a saya ko a ara, a buɗe tsakiyar littafin a ba yaron ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. In yana tuntuɓe a kowane layi, a mayar a ɗauko mai sauƙi, komai kyawun bangon.

Akwai matsala ɗaya da ba zan ɓoye ba: Hausar Zariya ba ita ce Hausar Zango ba, kuma yaro zai tsaya a kalmomi da yawa sai kaka ta warware masa. Wannan ke nuna gibin namu ne. A ƙasar nan Alhaji Umaru na Kete Krachi ya rubuta waƙoƙinsa da ajami har rasuwarsa a 1934, kuma a nan Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyin da Baturen Ingila Rattray ya buga a 1913. An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, kuma ilimi na cikin aikinsa. Ya kamata ya ware wani abu a tara malaman firamare na Nima da Madina da Aboabo, kowa ya rubuta labari mai shafi 16 da Hausar da yaran ke yi, na 'yar mai koko da ƙosai ko na ɗan da ya ɓace ranar hawan Sallah, a zana hotuna, a buga, a raba wa makarantun Islamiyya tun kafin hutu mai zuwa.