Fitilu ba sa buga wasa

Masu cewa ƙaddara ce, na ji. Ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta hana a tambayi wanda ya saka gwangwani a cikin kwamfutar jika 450 ya kira shi alimantasiyo, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Shekaranjiya na saka hoton kwamfutar wasan ɗan yayata da ta ƙone, a ƙarƙashinsa ne wasu ke cewa ƙaddara ce. Sati 3 kacal ta yi a hannun yaron. Kuɗin adashin uwarsa ne na shekara guda, ta ɗauka ta ba shi tukuicin cin bak, shi kuma ya ga bidiyo a WhatsApp, akwatin gilashi yana walƙiya, ja da kore da shuɗi kamar motar ɗaukar amarya, an rubuta i7 da manyan baƙaƙe, ya ce ita yake so. Aka yi cinikin biri a sama.

Da ya kira ni muryarsa na rawa. "Kawu, ta yi ƙara ɗaya ta mutu, kuma ɗakin na wari." Na ce ɗana kar ka sake kunna ta, ga ni nan. Na hau kabu-kabu na je unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi da turnabis a aljihu. Muka kwantar da ita a kan tabarma na kwance ƙusoshi huɗu na baya, na zaro akwatin wutar. Wallahi da na ɗaga shi sai da na yi dariya, dariyar takaici. Gwangwanin madarar da aka shanye ya kusa fin shi nauyi. A jikinsa an rubuta 750W da ƙaton rubutu, babu sunan kamfani, sai hoton wani dodo mai fiffike. Na juya shi na karanta ɗan layin da ke ƙasa, wanda ba wanda ke karantawa: 12V, 18A. Ku ninka da kanku, 12 sau 18, wat 216 ke nan. Katin hoton da aka saka mata RX 580 ne, shi kaɗai yana jan wat 185 idan wasa ya yi zafi. Furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana neman 77. An riga an wuce ƙarfin akwatin tun kafin a lissafa fanka shida masu fitila. Ba ma mutuwar ce abin mamaki ba, yadda ta kai sati 3 shi ne abin mamaki.

Kuma ba ta tafi ita kaɗai ba. Ta ja kart-mer, wato babban allon da duk kayan ke zaune a kansa, ta ja katin hoto. Abin da ya tsira shi ne gilashi da fitilu. Su kam lafiyarsu ƙalau, alhamdu lillahi, ana iya rataye su a ɗakin amarya.

Abin da nake ta faɗi a fada har ana ce mini na cika naci shi ne wannan: a Maraɗi, idan za ka sayi kwamfutar wasa, ko haɗaɗɗiya ko wadda za a haɗa maka guntu-guntu, tambayar farko ita ce wace alimantasiyo ce a ciki. Kafin furosesa, kafin kati, kafin komai. Ita ce ke karɓar kuran ɗin bango mai bolt 220 ta sauke shi zuwa 12 da 5 da 3.3 ta raba wa kowa. Idan mai gaskiya ce, ranar da wuta ta yi tsalle sai ta kashe kanta ta tsare na ciki. Idan gwangwani ce sai ta buɗe ƙofa ta ce bismillah, ku shigo. Amma je ka duba tallan masu sayarwa. Za su rubuta maka furosesa, su rubuta RAM, su rubuta yawan fanka da kalar fitila, alimantasiyo kuwa shiru, kamar ba a haife ta ba. Nan ne suke cin ribarsu, domin sun san yaro ba zai leƙa ƙasan akwati ba.

Na kira mai kayan. Na gaishe shi da mutunci, na ce Alhaji ga abin da ya faru. Ya ce ai kuran ɗin garin nan ne, shi ba ruwansa. To madalla. Kai da ke zaune a garin nan yau ka san halin kuran ɗinsa? Kowa ya san wutar wannan yanki daga Katsina layinta ke shigowa ta Gazawa. Kowa ya tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta, aka koma gurup da sola wata da watanni. Kowa ya san lokacin bazara, da kowane gida ya kunna fanka da firij, ƙwan fitila kan yi ja ya dawo fari a cikin minti ɗaya. Wannan ai hujja ce a kanka, Alhaji. Wanda ya san hanya da rami ba ya sayar da mota babu birki sannan ya ce laifin rami ne.

Sai wani ya zo ƙarƙashin hoton yana cewa ai mai kyau tsada gare ta. Tsada idan aka kwatanta da me? Da jika 450 da suka zama hayaƙi? Cire fanka huɗu daga cikin shidan nan, cire gilashin, cire linzamin da ke canza kala, kuɗin alimantasiyon kirki ya kusa fitowa. Wat 550 ko 650 na gaskiya daga kamfanin da ke da suna da adireshi, irin su Seasonic ko Corsair ko Cooler Master, ya isa yawancin abin da yaranmu ke iya saya. RTX 3060, wanda ya fito a 2021, wat 170 yake ja, kuma Nvidia da kanta 550 ta ce a saka masa. RTX 4060 ma 115 ne kawai. Ba ka buƙatar wat 1000, kana buƙatar wadda abin da aka rubuta a jikinta shi ne abin da ke cikinta. Ɗauke ta a hannu ka ji nauyi. Karanta layin 12V ka ninka, idan amsar ba ta kusa da babban adadin da ke gaba ba, ajiye musu kayansu. Duba an rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240, domin irin wannan ita ke jure wa wutar da ke sauka tana hawa. Idan kuma ka ga ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, tsohon yayi ne, kuma ranar da wani ƙanenka ya tura shi zuwa 115 da farce za ka ji ƙarar da ba ka taɓa ji ba.

Wani kuma ya ce ai tasa an manna mata tambarin 80 Plus. Sannu da ƙoƙari. Tambarin nan abin da yake nufi shi ne aƙalla kashi 80 na wutar da ta sha yana isa ga kwamfuta, sauran ya tafi a zafi. Magana ce ta rashin ɓarnar wuta, bai ce za ta kare maka kati ba. Sannan takardar mannawa ce, wanda ya iya buga hoton dodo mai fiffike ba zai gagara buga ta ba.

Maganar i7 ɗin ma bari in taɓa ta a gurguje, don ita ce tarkon da ya kama yaron. i7 sunan gida ne na furosesa, kuma a gida akwai kaka akwai jika. Wadda ke cikin tasa i7-3770 ce, ta 2012, lokacin shi kansa bai daɗe da shiga lakwal ba. Ƙaramar i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Windows 11 ba ta ma yarda da i7-3770 ɗin a hukumance, sai daga zubi na 8 zuwa sama, ga shi Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Shi kuma RX 580 ɗin nan na 2017 ne, kuma irinsa ne aka yi ta haƙar kuɗin kirifto da su dare da rana, har zuwa Satumbar 2022 da Ethereum ta daina haƙa, aka kwaso su aka goge ƙura aka zubo kasuwa. Akwai manhajojin CPU-Z da GPU-Z, kyauta ne, minti 2 za su faɗa maka ainihin sunan abin da ke ciki. Mai kayan da ya hana ka kunna su ya riga ya ba ka amsa. Amma ko da duk wannan, da alimantasiyon ta kirki ce, da yau yaron na buga GTA V ɗinsa da tsohuwar furosesa yana murna. Tsufa bai kashe ta ba. Gwangwani ya kashe ta.

Bayan alimantasiyo sai ondilar, wato na'urar mai batiri da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta tafi, kuma ita ma cikin kuɗin kwamfuta za ka lissafa ta, ba sai wata ya kama ba. Nan ma akwai wata yaudarar lissafi. Ƙaramar da ake sayarwa ko'ina mai 650VA ba wat 650 ba ce, ba ta kai 400 ba. Ta ofis ce, ta mai buga takarda. Ka ɗora mata kwamfutar wasa da allo ana tsakiyar wasa, kuran ya tafi, sai ta yi kuka ɗaya su kwanta tare. Nemi mai 1200VA ko 1500VA. Kuma ka sani batirin cikinta ba ya son zafi, a ɗakin kwano na Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, ba zai yi kwanan da aka rubuta a kwali ba. Za ka canza shi, ka sa a ranka.

Zafin nan shi ne dalilin da ya sa akwatin gilashi ke ba ni haushi. Waɗanda kuke gani da shi a YouTube suna zaune ne a ɗakin da kilim ke busawa, a ƙasashen da ake sa rigar sanyi wata shida. Kai kana unguwar Zariya ko Sabon Gari, fanka na juya iska mai zafi, ka toshe gaban kwamfuta da gilashi don a ga fitila. Kati idan ya haura digiri 80 da wani abu da kansa yake rage gudu don kar ya gasu, sai ka ga wasa na tsinkewa ka ce intanet ne. Nemi akwati mai raga a gaba, mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da hazo ke rufe gari, ka buɗe ta ka ga abin da ta shaƙa, kamar an zuba mata garin gero. Kar ka ajiye ta a ƙasa. Kuma ita alimantasiyon arha, da zafi ya ƙaru ƙarfinta ke ƙara raguwa, to ku haɗa wannan da wat 216 ɗin nan.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ba abin kunya ba ne, kuma da gaske nake wannan. Tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake shigowa da su, alimantasiyonsu ƙarama ce amma ba ta ƙarya. Samu mai i5 zubi na 8, ka saka RAM giga 16, sanda biyu na 8 ba ɗaya na 16 ba, don biyun sun fi gudu. Saka SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa. Ƙara GTX 1650, wat 75 ne, yawancinsu ba sa neman wata waya daban, sai dai ka auna ko zai shiga akwatin. Ba ta da kyan gani, baƙa ce kamar akwatin kuɗin ɗan tireda, ba wanda zai ɗauke ta a hoto. Amma za ta buga maka ƙwallo da GTA shekara da shekaru.

Masu wa'azin cewa wasa ɓata lokaci ne, da ma kuɗin an sayi tumaki, na gode, ku buɗe naku shafin. Yaron nan ya yi karatu ya ci jarrabawa, kuma da wannan na'urar yake shirin koyon haɗa bidiyo kafin ya shiga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Wanda ya ce ni dillalin wani kamfani ne kuma, Allah ya sa, da na huta da hawa kabu-kabu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Yaya, uwar yaron. Da na fito daga ɗakin tana zaune bakin murhu, ba ta tambaye ni wat ko bolt ba. Cewa ta yi, "To ƙanena, ana iya gyarawa?" Na ce Yaya sai dai a sake sayen rabin kayan. Ta yi shiru, ta ci gaba da tuƙa tuwonta, ta ce Allah ya mayar da alheri. Ni na san wata nawa ta yi tana zubi. Shi ya sa ba zan daina wannan nacin ba, ko za ku gaji da ni. Duk wanda zai saya, ya turo mini hoton takardar da ke jikin alimantasiyon, ba hoton fitilu ba, zan duba masa kyauta.

Af, tun da ana maganar ƙwallo. Yaran da ke gidan wasan bayan tasha, ku daina yaɗa cewa an ci ni 4 da nema ranar Juma'a. Na ɗaya, hannun wasan da aka ba ni maɓallin gudunsa a maƙale yake, kowa ya gani. Na biyu, mun yi yarjejeniya ba wanda zai ɗauki Real Madrid, yaro ya jira sai da na juya ina amsa waya ya ɗauka. Kuma tun 2023 aka canza wa wasan nan suna zuwa EA Sports FC, har yau kuna ce masa FIFA, sannan ku ne za ku koya mini. Asabar bayan la'asar ina nan zuwa da hannuna na gida, wanda ya sha kaye shi ke biyan shayi.