Tashar nukiliya: wa ke da ikon cewa a'a?

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari. Kamfanonin Turawa sun kwashi arziki tun farkon ƙarni na 20, suka yi gaba, suka bar ramuka da tsibin yashi. A cikin yashin nan akwai ma'adanai masu ɗauke da toriyom da yuraniyom, masu fitar da tururin da ido ba ya gani, kuma an daɗe ana ɗibarsa ana gini. Shi ya sa mu mutanen Jos, idan aka ce ga arziki nan tafe, sai mun tambayi wa za a bar wa shara.

Ba na adawa da lantarkin nukiliya. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wadda wutarta ke kai-kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ba ta da bakin raina wata hanya. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, NAEC, ta ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom don gina tashoshin nukiliya, an kuma sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. To, man nukiliyar da injin tashar ya gama ci, wato shararsa, fa? Sai ya yi shekaru a cikin ruwa kafin zafinsa ya lafa, haɗarinsa kuwa na dubban shekaru ne.

Finland ta haƙa rumbun Onkalo don binne irin wannan shara, zurfin sama da mita 400 cikin dutse. Ba ramin ne ya fi burge ni ba, dokarsu ce: ta ba majalisar ƙaramar hukuma ikon ƙin yarda, kuma in ta ƙi, magana ta mutu. Majalisar Eurajoki, ƙaramar hukumar da rumbun yake, ta amince a 2000, ƙuri'a 20 da 7. Amurka kuwa ta ƙaƙaba wa jihar Nevada rumbun shara a dutsen Yucca a 1987, aka narkar da biliyoyin daloli, mutanen jihar suka kafe, gwamnatin Obama ta jingine aikin.

A nan gida mun san yadda ake "tuntuɓar al'umma": a tara masu sarauta a otal, a ci shinkafa, a ɗauki hoto. Manomin da rijiyarsa ke gefen wurin sai dai ya ji a rediyo. Ga kuma Dokar Mallakar Filaye ta 1978, wadda ta ba gwamna damar karɓe fili da sunan amfanin jama'a.

Kafin a aza tubali, Majalisar Tarayya ta rubuta a doka inda sharar za ta kwanta, ta kafa asusun kula da ita daga kuɗin wutar da aka sayar, ta wajabta wa hukumar sa ido, NNRA, bayyana sakamakon awonta da harshen mutanen wurin. Sannan ta ba Geregu da Itu ikon da aka ba Eurajoki, ko da za su yi amfani da shi su ce a kai kasuwa.