Mun gyara gini, mun manta da wadda ba ta zo ba

Ranar Lahadin da ta wuce an ɗauki kusan awa guda ana gardama a taron majami'armu a kan sabuwar lasifika. Wai ta yanzu ba ta kai sauti bakin titi. Ni dai na yi shiru, don abin da ke cina daban ne, kuma yau sai na faɗe shi ko da wasu dattawa za su ji haushina.

Akwai wata tsohuwa gwauruwa a cikinmu, Bagurma ce, tana zaune can Harobanda, unguwar ƙetaren kogi a nan Yamai. Shekara da shekaru tana ƙetaro gadar Kennedy ta zo sujada, ta zauna a bencin baya. Hausarta kaɗan ce, Faransanci kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba. Ta kwanta ciwo sati biyar, babu wanda ya lura. Kun san wa ya zo ya gaya mana? Maƙwabciyarta Musulma, mai sayar da kopto. Ta biya kuɗin taksi daga aljihunta, ta tsaya a ƙofar majami'a ta ce wa matar fasto: "Mama, ku ba ku duba naku ne?" Ita ce ke dama mata kunu duk tsawon kwanakin nan, ita ta kai takardar magani kanti. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikkilisiyar Urushalima ta yi yawa, sai masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abincin yau da kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a ci gaba da addu'a ba. Mutum 7 aka zaɓa, har da Istifanas, aka ɗora musu aikin. Wato aikin da muke cewa na dikinoni daga tukunya ya samo asali, kuma harshe ne ya jawo shi. To mu a Yamai da muke haɗa Bahaushe, Bazabarme, Bagurme da baƙi ƴan Togo da Benin a benci ɗaya, wa ya ce mun fi ƙarfin wannan tuntuɓe? Wanda bai iya harshen masu sanarwa ba, ko ya ɓace ba a jin ɗuriyarsa. Dikinoninmu kuwa, ban da ƙirga baiko da jera kujeru, me muka ba su su yi?

Abin da ya fi ba ni mamaki, a watan Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da nan Yamai, mun fi haka sanin juna. A ƙarƙashin rumfa muke sujada, ga toka ga zafi, amma in mutum ɗaya bai zo ba kafin la'asar an aika gidansa. Haka aka yi a ambaliyar 2020 da kogi ya cinye gidaje a Lamorde da Saga, tabarma da buhun shinkafa suka riƙa fitowa daga inda ba a zata ba. Yanzu da aka yi rufi aka sa fanka, kowa ya gaisa ya hau babur ɗinsa.

In akwai masu rufa mana asiri, zumuntar mata ce. Su ke tara jika ɗai-ɗai, su ke kai tuwo asibiti, su ke kwana gidan makoki, amma a lissafin kuɗin shekara su ne na ƙarshe.

Ni ɗan jihar Tawa ne. Ku tambayi manoman albasa na Galmi abin da suka sani game da Kirista. Ba wa'azi za su fara ambata ba, asibitin nan ne da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, inda har daga Najeriya ake kawo marasa lafiya, galibinsu ma ba Kirista ba.

Ban ƙi lasifika ba, Baba Fasto, a saya in kuɗi sun ragu. Amma a taro mai zuwa zan tashi in roƙi a ba kowane dikin unguwa guda da littafin sunaye, a haɗa shi da mai jin Zabarmanci ko Gurmanci. Tsohuwar nan ta fara tashi zaune. Gobe Asabar zan je Harobanda, wanda ke da babur ya same ni bakin gada da ƙarfe 9.