Bindigar kaka: takardar ajiya daban, takardar harbi daban

A ƙarshen daminar bara, da muka kwance rufin tsohon ɗakin kakanmu a Garwa, a arewacin Kamaru, domin a sa kwano, magini ya jawo wani dogon abu daga tsakanin azara, an naɗe shi da buhu an ɗaure da tsirkiya. Da muka warware sai ga bindiga, tsatsa ta ci hancinta, itacen kuwa ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi da maiƙo. Na goge gefen ƙarfen da bakin rigata, na ga rubutun Faransanci da lambar 1874. Gras ce, bindigar sojan Faransa mai cin harsashi ɗaya, irin wadda ta bazu a hannun mutane bayan sojoji sun daina amfani da ita. Baffa ya ce ta kakan mahaifinmu ce, da ita yake rakiyar ayarin fatake. Kwana biyu ana shawara a zaure murya ƙasa-ƙasa, a dare na uku aka jefa ta tsohuwar rijiyar bayan gida aka bi ta da ƙasa.

Ban ga laifin Baffa ba. "Ɗana," in ji shi, "idan na kai ta wurin jandarma, tambayar farko ita ce ina na samo ta, ta biyu kuma me ya sa sai yau." A wannan zamani da Boko Haram ta addabi yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru tun 2014, masu garkuwa da mutane kuma suka hana makiyaya barci daga Adamawa zuwa iyakar Chadi, wane dattijo ne zai so a haɗa sunan gidansa da bindigar yaƙi? Amma har yau abin yana ci mini rai, domin abin da aka binne ya girmi duk wanda ke gidan, kuma shi kaɗai ya rage mana daga wannan kakan.

Ƙasar nan tamu cike take da tarihin da aka rubuta da irin waɗannan bindigogi. A Kusiri aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilu 1900, a ranar kuma kwamandan Faransawa Lamy ya mutu, wanda birnin Injamena ya ɗauki sunansa har zuwa 1973. A kusa da Marwa Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Janairun 1902. A kan dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben na Jamus ya tsaya da askarawansa tun daga 1914 bai sauko ba sai Fabrairun 1916, bayan sauran Kamaru ta faɗi. Daga Chadi hafsan Faransa Leclerc ya tashi ya ci Kufra ta Libiya a 1941, kuma mafi yawan waɗanda suka bi shi cikin hamada baƙar fata ne. Mauser, Gras, Lebel, duk sun ratsa garuruwanmu a kafaɗar iyayen wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu.

Dokar Kamaru ba ta manta da su ba. Doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai gida takwas: na farko makaman da aka ƙera domin yaƙi, na biyar na farauta, na bakwai na wasan harbi, na takwas kuma tsofaffin makamai da na ajiyar tarihi. Ke nan gurbin yana nan a rubuce. Sai dai a unguwarmu ban taɓa haɗuwa da mutum ɗaya da ya san da wannan gida na takwas ba, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma dokar da mutane suka san hukuncinta amma ba su san sauƙinta ba ita ce ke cika rijiyoyi da kayan tarihi.

Wasu abokai, musamman masu bin shafukan Amurka, suna cewa a yi mana yadda ake yi can. A dokar tarayyarsu, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ba a lissafa ta cikin makaman da ake sa wa ido, sannan akwai lasisin masu tara tsofaffi wanda ya shafi duk wadda ta kai shekara 50, kuɗinsa dala 30 na shekara uku. Ni ban goyi bayan a kwafo wannan ba, ko kaɗan. Tsufa ba ya cire wa bindiga dafi. Lebel ta 1886 ita ce bindigar soja ta farko mai albarushi marar hayaƙi, tana ɗaukar harsashi takwas, kuma idan ba ta lalace ba za ta kashe mutum daga nisan da ba zai ga mai harbin ba. MAS-36 ma, wata bindigar sojan Faransa, yanzu ta wuce shekara 50 nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa kwana a gefen hanya saboda tsoron masu tare motoci ba zai yarda a kira irin wannan kayan ado ba.

Tsarin Faransa ya fi kusa da hankalina a wuri guda: sun raba ajiya da harbi. Katin mai tara makamai, wanda aka fara bayarwa a 2019, yana halatta mallakar wasu bindigogi amma ba ya halatta sayen harsashinsu. Mai son harbi sai ya nemi lasisin ƙungiyar wasan harbi ko takardar farauta. Wanda kuma yake son a kashe bindigar gaba ɗaya, ta zama ƙarfe da itace kawai, ana yi masa a cibiyar gwajin makamai ta Saint-Étienne a ba shi shaida.

Abin da nake roƙon hukumominmu bai wuce wannan ba. A ware lokaci, a sanar a rediyo da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, cewa magajin da ya kawo tsohuwar bindigar gado da kansa ba za a tuhume shi ba. A bi ta hannun lamiɓe da masu unguwanni, domin dattijo zai fi sakin jiki a fada fiye da barikin jandarma. A rubuta lambarta, maƙerin soja ya toshe ta yadda ba za ta sake tashi ba, sannan a ba iyali zaɓi: ko su koma da ita da takarda, ko su bar ta a gidan tarihi da sunan kakansu a jikinta. Takardar harbi kuwa a bar ta da tsaurinta, a filin da hukuma ta amince da shi, a ƙirga harsashi shiga da fita, kada ko ɗaya ya kwana a gida.

Da akwai irin wannan sanarwa a bara, ni da kaina zan ɗauki Baffa a babur, bindigar a naɗe cikin buhunta, mu tafi fada da rana tsaka. Yanzu an zuba kankare a bakin rijiyar, a kai matan gidan suke shanya kuɓewa.