Karnukan jujin layinmu da amsar da aka ba ni a sakatariya

Yau mako uku ke nan da kare ya ciji ɗana, yaro ɗan shekara 8, a ƙwauri, da sassafe yana hanyar makarantar allo. Bai tsokane shi ba, bai jefe shi ba. Garken karnukan da suka mayar da jujin bayan layinmu gidan ubansu ne suka taso, yara suka watse, shi da yake ƙaraminsu aka cim masa. Wannan jujin kuwa tun bara muke kai kukansa. Sau uku mai unguwa yana rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, ko amsar an gani ba mu samu ba.

Allah ya saka wa wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya. Ita ta kwaɓe hannun masu cewa a ƙona gashin kare a barbaɗa, ta zaunar da yaron bakin rijiya tana wanke ciwon da sabulu da ruwa har minti 15, yana ihu tana ci gaba. Daga nan muka nufi asibiti. Aka duba, aka rubuta allurar haukan kare, aka ce babu, mu je waje mu nemo. Kantin magani huɗu na shiga kafin na samu, na riƙo ta cikin ƙanƙara kamar mai ɗauke da ƙwai. Kuma ba guda ɗaya ba ce, jere ake yinta, rana ta farko, ta uku, ta bakwai, haka har ta ashirin da takwas, kowace da kuɗinta. Akuyar uwar yaron muka sayar. Ina ta tunanin wanda ba shi da akuyar sayarwa. Shi sai ya shafa man zafi ya ce Allah ya kiyaye, alhali wannan cuta da zarar ta bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, sai dai a fara haƙa kabari.

Washegari na je sakatariya da zafina. Wani jami'i ya saurare ni yana latsa waya, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ba ku da matasa ne a unguwar? Ku kashe su mana." Wallahi maganar nan ta fi cizon ƙona mini rai. Rijiyar burtsatse mu muka haɗa kuɗi muka haƙa. 'Yan sintiri mu ke biyansu duk wata. Kwata mu ke yashewa, taransifoma ta lalace mu ke karo-karo. Yanzu kuma har aikin likitan dabbobi an ɗora mana. Amma ranar karɓar harajin shago, ko kana lungun da mota ba ta shiga sai sun same ka da rasit a hannu.

To, an bi shawararsa, ga abin da ta haifar. Matasa suka fita da gora da adda, suka kashe karnuka biyu, suka cinna musu wuta da tsohuwar taya. Ko wanda ya yi cizon na ciki, babu mai iya rantsuwa. Da akwai hukumar da ta san aikinta, kama shi za a yi a tsare kwana 10 a ga ko zai nuna alamar hauka, ko kuma in an kashe shi a aika da kansa ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Filato. Mu kuwa toka muka rage da ita. Bayan kwana biyu wani mai ƙwazo ya zuba guba a kayan ciki ya watsa a jujin. Kaji suka mutu, kyanwar gidan liman ta mutu, karen maigadin makarantar firamare, wanda shi kaɗai ne ma yake da takardar rigakafi a duk yankin, shi ma ya tafi. A wannan jujin ne kuma yara 'yan jari-bola ke tono da hannu kullum. Allah ne kawai ya tsare.

Kuma me aka rage? Kafin mako biyu wasu sababbi sun maye gurbin. Muddin mahauta na juye jini da tumbi a wurin, muddin motar kwashe shara ba ta zuwa, kare zai zo ko daga wane gari. Ban wanke mutanenmu ba. Mai farauta da ya sallami karensa don ya tsufa, da wanda karyarsa ta haihu ya kwashe 'ya'yan a buhu ya zubar a bayan gari, duk da hannunsu a ciki. Sai dai wa zai tsawata musu? Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari, wanda jin yana tafe kaɗai ke sa a share gida har bayan randa. Yau kujerar tana nan, albashin yana fita, mutumin ne ba ma gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuma su ne kaso mai yawa. Masana sun daɗe da faɗin maganin: a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka rigakafi, cutar ta daina yawo. An ma sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da za a daina mutuwa da ita. Duk 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, a buga riguna da huluna, a yi jawabi, a ɗauki hoto da kare ɗaya mai tsabta na gidan wani babba. Ni dai tun da na tare a unguwar nan ban taɓa ganin mai sirinji ya tako layinmu don kare ba.

Saura allura ɗaya ta rage wa yaron, ranar Talata mai zuwa, kuma ban haɗa kuɗinta ba tukuna. Kullum da asuba ni nake raka shi da ƙannensa har ƙofar malam, da gora a hannu, in makara wurin aiki. Yau da safe na ƙirga guda bakwai a kan jujin, ɗaya tana da ciki.