Kafin a buɗe mana sababbin tashoshi, a duba abin da ya faru da na Abuja

A ranar 29 ga watan Mayun 2024 ne Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja, bayan an yi wa tashoshinsa gyara. Tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ne ya fara ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina shi da tashoshi 12, ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama. Bai cika shekara biyu yana aiki ba annobar korona ta tsayar da shi a 2020, ya yi kusan shekara huɗu a ajiye, ɓata-gari suna kwashe abin da suka samu. Da aka tashi gyara, ba fenti da wayoyin lantarki kaɗai aka sake ba, sai da aka koma aka shimfiɗa titunan da za su kai mutum ƙofar tashoshin, domin da yawansu an dasa su ne a wuraren da mai mota ba shi da hanyar shiga.

Wannan batu na titi shi ne ya hana ni sakat, ni da nake zaune a karkarar Jigawa, nesa da Abuja. An kashe maƙudan kuɗi an gina tasha, aka manta da cewa fasinja daga gidansa yake fitowa, kuma idan zuwa tashar ya fi tafiyar kanta wahala, to motar haya zai shiga ya ƙyale jirgin. Tashar da babu mai zuwa kuwa ba ta da mai tsaron ta, domin idon jama'a ya fi maigadi ɗaya mai tocila da gora. Ina ganin rashin mutane ne ya fara kashe tashoshin nan, ɓarayin ƙarfe sun zo ne daga baya.

Yanzu ga shi ana shimfiɗa mana layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil yake aikin. Zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, sannan akwai reshen da zai taso daga Kano zuwa Dutse. Kenan nan gaba kaɗan garuruwanmu za su samu tashoshi sababbi fil, kuma tambayar da Abuja ta amsa a makare tana jiran mu tun yanzu.

Mu ba baƙin jirgi ba ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa kuma ya kai Nguru a 1930. Kakana, Allah Ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yadda suke ɗora buhunan gyaɗa a kan jakuna tun asuba su nufi tasha, a auna a sikeli, 'yan dako su loda a taragu, gyaɗar ta wuce Kano inda ake jera ta dala-dala. Abin da ya fi tsayawa a raina cikin labarin nasa shi ne bakin tashar: mai shayi, mai tuwo, 'yan mata masu tallar fura da dafaffen ƙwai, maƙeri da ke gyara wa fatake kaya. Malam Madori kanta albarkacin tasha ta bunƙasa. Da jirgi ya ja baya, duk waɗannan sana'o'i suka bi shi, ginin ya zama wurin da awaki suke fakewa daga rana. Duk wanda ya bi ta tsofaffin tashoshin nan ya ga haka da idonsa.

Saboda haka nake roƙon gwamnatocin Kano da Jigawa, da shugabannin ƙananan hukumomin da layin ya ratsa, kada su naɗe hannu su ce aikin na Gwamnatin Tarayya ne. Ɗan kwangila tasha aka ba shi ya gina, amma titin da zai haɗa ta da kasuwar gari da ƙauyukan da ke kewaye hakkin jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma ya kamata a sa shi a kasafin kuɗi tun kafin jirgi ya fara busa. Manomin da ya noma riɗi ko zoɓo ko shinkafa a lungu, idan damina ta mayar da hanyarsa taɓo, jirgin da ke wucewa ta bayan gonarsa bai amfane shi da komai ba.

Haka kuma a ware wa masu ƙaramar sana'a wuri a jikin tasha, da rumfuna da ruwa da makewayi. Sababbin tashoshi sukan zo da katanga da ƙofar ƙarfe da jami'an tsaro, kuma na san akwai dalilin tsaro a ciki, musamman bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022. To amma idan aka kori mai ƙosai da ɗan acaɓa da mai a-daidaita-sahu zuwa can bakin babban titi, an raba tashar da mutanen da za su fara lura idan baƙuwar fuska ta zo da zarto cikin dare.

Sai batun burtali da mashigar ruwa. Layin dogo tudu ake yi masa, yana raba gona biyu, yana tare hanyar shanu, yana kuma tare ruwan sama idan kwalbatin da aka sa ya yi kaɗan. Mu da muka ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba ma buƙatar a yi mana bayanin abin da ruwa yake yi idan ya rasa hanya. Dagatai da masu unguwanni da ardo-ardon Fulani su ne suka san inda ruwa yake bi da inda garke yake tsallakawa, kuma a zauna da su yanzu da injiniyoyi suke wurin da motocin aikinsu ya fi sauƙi da araha a kan a dawo fasa kankare bayan an buɗe tasha.