Kafin a raɗa wa jaririya sunan gari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani yayi ne ya shigo mana Abuja, a haifi mace sai ka ji wai sunanta Dubai ko Milan ko Faris, saboda can aka je hutu ko can aka haife ta, ko kuma kawai maman ta gani a Instagram ya burge ta.

Ni ban ce haramun ba ne fa, kar a je a ce na ce. Asalin suna halal ne matuƙar ma'anarsa ba ta munana ba. Muna da su Madina da Arafa da Safa da Marwa a gidajenmu tun da daɗewa, ga su Firdausi da Kausar da Tasnim waɗanda na Aljanna ne. Amma duba bambancin. Yarinya in ta tambaya me ya sa aka sa min Marwa, za ki zaunar da ita ki ba ta labarin Nana Hajara tana kai da komo sau bakwai tsakanin duwatsun nan biyu tana neman ruwa ga jaririnta Annabi Isma'il har Allah Ya ɓulɓulo da Zamzam, ga aya ta 158 a Baƙara ta ce suna cikin alamomin Allah. To Hajiya in Milan ta tambaye ki me za ki ce, kantin jaka da takalmi?

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, har yau ban ji wanda ya sa wa 'yarsa Kubwa ko Nyanya ba, alhali nan muke kwana. Ashe ba garin ake so ba, a san mun fita waje ake so. Abujar ma ai sunan mutum ta ci, Abu Ja.

Manzon Allah (SAW) bai ɗauki suna da wasa ba. A Sahihu Muslim ya canza wa 'yar Sayyadina Umar suna zuwa Jamila don na farkon na nufin mai saɓo, ya mai da Barra Zainab don akwai yabon kai a ciki. Garin ma da ya yi hijira zuwa gare shi bai bar shi da Yasriba ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ran suna da asuba a masallaci liman ya raɗa Khadija, a yanka rago, a raba goro da dabino, amma takardar haihuwa da rajistar makaranta da fasfo duk Dubai ne a jiki, har ta girma ƙawayenta ba wanda ya san sunan yankanta. Alkunya muka gada, in an sa sunan kaka a ɓoye da su Ummi ko Mama, wannan kuma binne sunan ake yi.

Alhaji, kai ne uba, kai za a tambaya. In dai sai an yi, a bar sunan garin lakabi a cikin gida, takarda kuma a rubuta na yanka.